Tubali Muka Gada Ko Amana?

A birnin Kiyoto na ƙasar Japan akwai wani tsohon lambu mai tafki, a bakin tafkin kuma ga wani soro da aka lulluɓe da zinariya, ana kiran sa Kinkakuji. An gina shi a 1397, wani matashi ya cinna masa wuta a 1950, aka sake ta da shi a 1955. Duk da haka maziyarta ba su fasa tururuwa ba. To, yaudarar su ake yi ke nan? Shin me ake zuwa gani a tsohon wuri, kayan ginin ne ko kuwa wani abu dabam?

Wannan tambaya ba baƙuwarmu ba ce a nan Maiduguri, domin gadon sarautar Barno ya sha ƙaura. Ngazargamu ta faɗi a 1808. Kukawa, wadda Shehu Laminu ya kafa a 1814, Rabe ya rushe ta a 1893, kafin a zauna a Yerwa a 1907. Jan tubalin Ngazargamu ya girmi fadar Shehu ta yau da ɗaruruwan shekaru, amma can kufai ne, nan kuwa ana hawan salla, ana busa algaita. Ashe ba tsufan bango ke raya wuri ba, hannun da ke kula da shi ne.

Wani zai ce, in haka ne sai mu yi ta rushe tsoho muna gina sabo. Ko kusa! Mutanen Kiyoto sun iya mayar da soronsu bisa siffarsa ne saboda magabatansu sun auna shi, sun adana zanensa tun kafin gobara. Wanda ya wulaƙanta abu yana tsaye, ba shi zai ta da shi ba in ya faɗi.

Mu ma jarrabawarmu ta zo. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga fadar Shehu, ya mamaye lambun Sanda Kyarimi da aka kafa tun 1970, akasarin dabbobinsa suka halaka. Ruwa kam ya janye, sauran namu. Darbejiyar da ke yi wa titunanmu inuwa, waɗanda suka shuka ta da yawansu ba su zauna a ƙarƙashinta ba. Don haka, idan muka ziyarci irin waɗannan wurare, kada mu shiga a matsayin 'yan kallo. Masu riƙon amana ne mu, kuma na baya za su tambaye mu.