Taron Alheri Mai Ƙofa Ɗaya



Makon jiya muka zauna da kwamitin Islamiyyarmu a nan Ungogo kan walimar saukar karatu. Na ce ƙofa ɗaya ce a filin makarantar, ta ita za a shiga ta ita za a fita, ga mata da goyo, ga yara, ga rabon abinci. Na nemi a mayar da taron filin idi, a sanar da dagaci, a kai wa DPO takarda. Wani dattijo da nake ganin girmansa ya ce, “Malam, taron Alƙur'ani ne fa. Wanda ya tara mu Shi zai kare mu.”

Maganar ta kwana a raina, domin ba da mugun nufi ya faɗe ta ba. Tambayar da ke cikinta ita ce: kyakkyawar niyya tana sauke wa mutum alhakin ran da ya kira?

Ku tuna da Bagwai. Ranar 30 ga Nuwamba 2021, ɗaliban Islamiyya daga ƙauyen Badau suka shiga jirgin ruwa a dam ɗin Watari za su taron Mauludi. An yi wa jirgin lodin da ya fi ƙarfinsa, ya kife, aka rasa aƙalla mutum 29, galibinsu yara. Wace niyya ce ta fi tasu kyau? Muna yi musu fatan shahada. Amma shahadar wanda ya nutse daban, hisabin wanda ya ga jirgi ya cika ya ce a ƙara daban.

A nan ne muke cakuɗa abu biyu. Ƙaddara ita muke rarrashin mai makoki da ita bayan abu ya auku. Mu kuma sai mu jawo ta gaba, mu yi wa sakacinmu rumfa da ita tun ba a kafa rumfar taro ba. Lokacin annobar Amwas, Sayyidina Umar ya kai Sarg a hanyarsa ta Sham, ya ji labari, ya yi shawara, ya juya da jama'a. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna masa cewa juyawar ma ƙaddarar Allah ce. Waye a cikinmu ya fi Umar tawakkali?

Fiƙihun da muka karanta ma bai bar abin a wa'azi ba. Wanda ya haƙa rami a hanyar jama'a inda ba shi da izini, wani ya faɗa ya mutu, akwai lamuni a kansa ko da yana gida yana barci. Kisan kuskure yana da diyya da kaffara, alhali sunansa kuskure. To ina ga wanda aka ce masa ƙofa ta yi kaɗan, ya ce a bar wa Allah?

Sai batun hukuma, wanda wasunmu ke gani kamar ƙasƙanci ne malami ya je caji ofis da takarda. A watan Disamba 2024 yara 35 suka mutu a turmutsitsin wani bikin yara a Ibadan, kwanaki kaɗan bayansa aka sake yi a Abuja da Okija wajen rabon kayan abinci. Duk tarukan taimako ne. An kama waɗanda suka shirya na Ibadan aka kai su kotu, kuma Sufeto Janar na 'yan sanda ya gargaɗi masu irin wannan taro su riƙa sanar da jami'an tsaro. Ni ban ga inda wannan ya saɓa wa shari'a ba, kare rai yana cikin manyan manufofinta. Gaskiya ne, wani lokaci ka kai takarda ba wanda zai zo sai ka yi ta sintiri. Duk da haka ka kai.

A ƙarshe kwamiti ya yarda da filin idi. Mata da yara hanyarsu daban, abinci za a bi mutane da shi inda suke zaune ba za a ce a taso a karɓa ba, wayar janareta za a ɗaga ta sama, 'yan agaji za su tsaya bakin titi saboda masu babura, mota ɗaya kuma za ta zauna da mai a ciki ko da wani ya faɗi. Kuɗin ya ci rabin abin da muka ware wa kyaututtuka.

Baba dai har yanzu yana ganin na cika tsoro. Ya ce ba zai raka ni wajen DPO ba, amma ya ba ni jikokinsa biyu su tsaya a hanyar mata.