Jimlar Farko Alkawari Ce

A da, mai tatsuniya kan ce "Ga ta nan, ga ta nanku", mu amsa "Ta zo mu ji ta". Kafin Gizo ya motsa an riga an ƙulla yarjejeniya: ta yi tayi, mun amince. Yau a Wattpad da zaurukan WhatsApp babu wannan sallamar. Yatsanmu gudu yake a kan waya, marubuciya kuwa layi ɗaya gare ta ta tsayar da shi.

Shi ya sa labaran da suka fi yawo ke buɗewa a tsakiyar rikici: mari a daren amarci, takardar saki ƙarƙashin matashi, gawa a ƙofar gida. A nuna mana abin da ya faru, a ɓoye dalili, zuciya kuwa ba ta iya zama da tambayar da ba a amsa ba. Riƙe mai sauraro da son jin gaba tsohuwar dabara ce. Da ita akun Magana Jari Ce, littafin Abubakar Imam na 1937, ya hana ɗan sarki fita daga gida.

Amma aku ya riƙe yaron ne don ya tsirar da shi. Mu don me ake riƙe mu?

Jimlar farko bashi ce marubuci ya ci a wurinmu: mun ba shi lokacinmu, da datarmu, wani lokaci da kuɗinmu idan shafukan kyauta sun ƙare. Wanda ya buɗe da kukan yarinyar da aka yi wa fyaɗe, ya ɗauki alkawarin zai dube ta a matsayin mutum, mai suna da gobe. Idan ya watsar da ita a babi na uku don ta gama jawo masa masu karatu, to ya mai da hawayenta tsutsar bakin ƙugiya. A cikin masu karatun nan kuwa akwai wadda hakan ya taɓa samu.

Mu ma da namu kason. Duk labarin da muka tura gaba don ya girgiza mu kawai, mun koya wa marubuta abin da kasuwa ke so. Kafin mu tura, mu kai ƙarshe tukuna, mu ga ko an biya bashin layin farko. Alkawari kaya ne.