Tsagewar Bango Tsakanin Ƙaddara da Sababi

Idan bangon gida ya tsage, kalmar da ta fi saurin fitowa daga bakin mai gida da magini ita ce ƙaddara, kuma babu musulmin da zai musanta ta, sai dai sau da yawa da ita ake rufe bincike tun kafin a fara shi. Tambayar da ke ƙarƙashin wannan tsohuwa ce a ilimin tauhidi: shin neman sababi, wato abin da aka saba ganin wani abu yana aukuwa a bayansa, yana rage wa imani da ƙaddara wani abu?

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya tafi a kan cewa haɗuwar wuta da ƙonewar auduga ba tilas ba ce a hankalce, Allah ne yake halittar ƙonewar a daidai lokacin haɗuwar, yayin da Ibn Rushd, wanda ya rasu a 1198, ya mayar masa da martani cewa wanda ya soke sababi ya soke ilimi gaba ɗaya. Almajiran da suka karanta Ummul Barahin na Shehu Sanusi a zaurukan ƙasar Hausa sun san mafitar da malaman Ash'ariyya suka bi, domin an koya musu hukuncin al'ada, wato alaƙar da ake tabbatarwa tsakanin abu biyu saboda maimaituwa, tare da yarda cewa Mahalicci yana da ikon saɓa ta. Abin lura shi ne Gazali kansa bai ce al'adar ba ta da tsari ba.

Da wannan hukunci ne gwanin magini yake karanta bango. Gini da ya nutse bai ɗaya ba ya cika tsagewa, ɓarna tana zuwa ne idan wani ɓangaren harsashi ya zauna fiye da wani, sai tsaga ta fito a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, tana bin layin bulo hawa-hawa, ƙyaure kuma ya fara cijewa. Baƙar lakar da ake kira firgi a yankin Dikwa da Ngala tana kumbura da damina ta ƙanƙance da rani, shi ya sa tsagar da take haifarwa takan buɗe da rani ta matse da damina. Tsagar da ke ƙara faɗi ba tare da kula da yanayi ba kuwa tana nuni ga cikon da ba a daddanne ba, kamar tsohon kududdufin da aka cike da shara aka yanka filaye a kansa, ko ga ruwan indararo da na bututun da ya fashe masu cin gindin gini. Siririyar tsaga a fuskar filasta yawanci bushewar siminti ce kawai.

Tun da ana iya sanin waɗannan abubuwa, jahiltarsu da gangan ba ta zama uzuri, kuma a nan ne fikihu ya fi maganar bakin titi tsanani. Malaman Malikiyya sun tattauna mas'alar katangar da ta karkata zuwa hanya ko gidan maƙwabci, suka ɗora wa mai ita biyan abin da ta lalata matuƙar an gargaɗe shi, ya sami damar gyarawa, ya ƙi. Masu wannan hukunci sun yi imani cewa faɗuwar katangar rubutacciya ce, amma hakan bai hana su tambayar ranar da aka yi gargaɗin da kuma waɗanda suka shaida shi ba.