Motar da Ta Gama Aiki, Wa Za Ka Sayar Wa?

Idan shasi ya tsage, birki ya ƙi kamawa, bakanike kuma ya ce gyara ya fi ƙarfin kuɗin motar, hanya biyu ce ta rage. Ko a shafa mata fenti a sayar wa direban haya, ko a kira 'yan gwangwan su yanka ta, ƙarfe ya hau sikeli, kayan da ke da sauran amfani su nufi Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano. Ta farko ta fi kawo kuɗi, shi ya sa take da farin jini.

Mai sayarwa kan ce, "Ai ya gani ya saya." Gaskiya ne, kuma bayyana aibin kaya wajibi ne a kowane ciniki. To amma mai goyon da za ta shiga motar daga Zuru zuwa Kontagora ba ta zauna wajen cinikin ba. Direba na iya yarda da asarar kuɗinsa, ba shi da ikon yarda a madadin fasinja.

Jami'an VIO na ba da takardar lafiyar mota, hukumar FRSC na sintiri tun 1988, sai dai takarda ba ta taka birki.

Don haka ka cire lambar, ka riƙe takardun, a rubuta a gaban shaidu cewa don yanka ka sayar, ka tsaya har a kwance inji. Gibin da ka gani a kuɗin, ran wani ka fansa da shi.