Hoton Mazari Shaida Ne

A ƙarshen damina mazari kan cika fadamun Gwaram. Mai son ɗaukar hotonsa yana shawagi sai ya jure zama cikin laka, ya saita kyamara ta ƙifta cikin kashi 1 bisa 2,000 na daƙiƙa, kafin fukafukan nan huɗu su tsaya cak. Yau kuwa manhajar ƙirƙirarriyar basira na zana mana wanda ya fi shi kyau kafin shayi ya huce. To, me ya sa za mu wahala?

Domin hoto shaida ne. 'Ya'yan mazari cikin ruwa suke girma, suna cin tsutsar sauro. Inda maganin feshi ya gurɓata kududdufi, sai su mutu. Hoton gaske yana tabbatar da cewa ruwan nan na da rai a ranar. Na kwamfuta kuwa zai ci gaba da fitowa ko fadamar ta ƙafe.

Waɗanda suka zana shanu a Dutsen Habude na Birnin Kudu, abin da idonsu ya gani suka bar mana. Idan muka cakuɗa na gaske da na ƙirƙira babu alamar rarrabewa, mun yi wa jikokinmu shaidar zur.