Wa Zai Biya Bashin Ramukan Kuza?

Akwai wata magana da ke yawan fitowa a majalisunmu idan aka taɓo zancen yashe rafin Dilimi ko dashen itace. Sai ka ji an ce: "Ƙasar da ake kiranmu baƙi a cikinta, 'ya'yanmu na shan wuya kafin su sami takardar ɗan ƙasa, wai mu ne za mu gyara ta?" Maganar nan da zafi, kuma ba banza ta fito ba. Amma bari mu ɗora ta a sikeli.

Tun farkon shekarun 1900 kamfanonin Turawa suka soma haƙar kuza a wajen Naraguta, aikin ya bazu har Bukuru da Barikin Ladi. Da yawa daga kakanninmu kuzar ce ta kawo su, daga Kano, Katsina, Zazzau da Bauchi, kuma lokacin Yaƙin Duniya na Biyu har da tilas aka riƙa kwaso mutane. Su suka ɗauki kwanon ƙasa a ka, tare da Birom da Anaguta da Jarawa waɗanda gonakinsu aka farke. Riba kuwa ta haye teku zuwa Ingila. Dokar ma'adinai ta 1946 ta ce a gyara inda aka haƙa, an ma baje wasu wurare an dasa itacen turare, amma abin bai taka kara ya karya ba. Da kasuwar kuza ta faɗi a 1985, sai aka bar wa Filato ɗaruruwan kududdufai masu cin yara da dabbobi.

A fiƙihu, wanda ya yi ɓarna shi ke da lamuni, babu ja. Haƙƙin nan yana wuyan kamfanonin da hukumar da ta ba su izini, kuma ba mu yafe ba. To amma idan maɓarnacin ya tattara ya tafi fa? Misalinsa kamar gawa ce da aka tsinta a bakin hanya. Ba a cewa sai an kama wanda ya yi kisan sannan a yi mata sutura. Farilla ce ta kifaya a kan waɗanda ke wurin, idan kowa ya kauce kowa ya yi laifi. Kuma ba mu taɓa jin malamin da ya ce sai mai takarda take hawa kansa ba.

Wanda ya ga daren 22 ga Yulin 2012 ba ya buƙatar dogon bayani. Muna farkon azumi ruwa ya ɓalle daga wajen dam ɗin Lamingo, ya bi ta Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo, ya ci rayuka sama da 30. Ajali na Allah ne. Sai dai ginin da aka yi a bakin rafi da sharar da ta toshe masa hanya, hannun mutum ne. Ruwan bai tambayi kowa asalinsa ba, gidajenmu ya shiga. Mai cewa ba zai gyara ba don fushi da waɗanda suka hana shi takarda, fushinsa a kan 'ya'yansa yake saukewa.

Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne, iyayenmu 'yan lambu sun amsa tambayar nan tuntuni ba tare da wa'azi ba. Sun sami ƙasa matacciya, yashi da tsakuwa, wadda ko ciyawa ke ƙyama. Suka riƙa kwaso tokar juji daga cikin gari, su haɗa da takin shanu da kashin kaji, su ja ruwan kududdufin nan da ake tsoro, shekara bayan shekara, har ta yi baƙi ta farfaɗo. Karas da kabeji da latas ɗin da ake lodi a Farin Gada, har a kai Kudu, wani sashensu daga nan yake. Galibinsu ma aron filin suka yi ko haya. Sun san ba nasu ba ne, suka raya shi.

A nan sai mu ja kunnen samari masu zafin kai. Gaskiya ne akwai babin raya matacciyar ƙasa a littattafanmu, amma kada wani ya mayar da dashen itace dabarar kafa tuta. A mazhabar Malikiyya, filin da ke kusa da gari ba a raya shi don mallaka sai da izinin shugaba. Garin da ya ga 2001 da 2008 da 2010 ba ya buƙatar sabon dalilin rikici. A nemi mai unguwa, a zauna da masu filin, a dasa tare.

Sai kuma jujin kansa. Na da, toka ce da ɓawon abinci. Na yau cike yake da leda da mataccen batir da kwalaben magani, a ƙone su tare, a kai lambu, gubar ta bi ganye ta dawo cikin kwanon abincinmu. Ware toka daban tun daga murhu ba ya cin ko sisi. Kwamitin kowane masallaci zai iya tsayar da buhu biyu a bakin layi, ya kuma sa ranar yashe magudana kafin ruwan Afrilu ya sauka.