Shin Tura Ɗa Karatu Ƙasar da Ba ta Musulmi Ba Kasada Ce da Addininsa?

A Aliero, inda aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar Kebbi a 2006, ba abin mamaki ba ne ɗalibi ya sami damar zuwa wata jami'a a Turai ko Indiya ya yi zango ɗaya ko biyu, sannan ya dawo ya ƙarasa digirinsa a gida. Mahaifinsa, ko ɗan kasuwar Jega ne ko manomin Maiyama, tambayarsa ɗaya ce: yaron nan zai dawo da sallarsa? Tambaya ce ta mai kishin ɗansa, bai kamata a raina ta ba. Amma a ganina, hana tafiyar ya fi nisa da koyarwar magabata fiye da yarda da ita.

Ƙasar Gwandu ba baƙuwar tafiya neman ilimi ba ce. Shehu Usmanu ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas, shi kuma Malam Jibrilu ya yi karatu a Masar da Hijaz ya dawo ya karantar. Za a ce ai waɗannan ƙasashen Musulmi ne. Gaskiya ne. To amma bayan yaƙin Badar, fursunonin Ƙuraishawa, suna kan shirkarsu, su suka koya wa yaran Madina rubutu a matsayin fansa. Annabi (SAW) ya umarci Zaidu ɗan Sabit ya koyi rubutun Yahudawa. Sahabbai kuwa sun yi shekaru a Habasha ƙarƙashin sarki Kirista, imanin galibinsu bai girgiza ba. Abin da malamai suka shardanta shi ne mutum ya iya bayyana addininsa, ya kuma tafi da ilimin da zai kare shi daga shubuha. Wannan aiki a gida ake yinsa, tun daga makarantar allo. Yaron da aka bari fanko, wayar hannunsa ta isa ta ɓatar da shi yana zaune a ɗakin uwarsa.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta masu cewa waɗanda ke tafiya ba sa dawowa. Likitocinmu nawa ke Ingila da Saudiyya? Nan ne irin wannan musayar ɗalibai ta zango ɗaya ko biyu ta bambanta, domin wa'adinta gajere ne, takardar shaida kuma a gida ake karɓarta. Kuma bukatar ilimin da za su dawo da shi tana nan a fili. Duk shekara albasar Aliero na ruɓewa a rudu kafin ta yi daraja, masu ɗorin garin da ake zuwa wurinsu daga nesa suna bukatar wanda ya iya karanta hoton ƙashi. Fikihu ya sa irin wannan sani cikin farillar kifaya: idan babu wanda ya ɗauka, laifin na kowa ne. Saboda haka uba ya binciki masallaci da abokan zama a garin da ɗansa za shi, ya sa masa albarka, ya kuma ɗaura masa sharaɗin dawowa.